Ɗakin laka da ɗakin tol: jawabi a kan zafin bazara



An ce in yi magana a kan zafin bazara da yadda za mu sami sauƙinsa cikin gidajenmu. A ƙasar Damagaram, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana ya kan kai digiri 40, har ya wuce. Abin kuma ƙaruwa ya ke yi: ranar 3 ga Afrilu 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, an auna digiri 48,5. Tsofaffi da jarirai su ne irin wannan zafi ya fi kayarwa.

To jama'a, yawancin zafin ɗaki daga rufi ya ke saukowa. Tol ba shi da kauri. Rana na dukansa sai ya ɗauki zafi, ya kan wuce digiri 60, nan take ya zubo shi a kan mai kwance. Rufin soro, na azara da laka, dabam ne. Laka tana shan zafi sannu a hankali, kamar yadda ƙasa ke shan ruwa. Bango mai kaurin kamu guda, zafin azahar ba ya gama ratsa shi sai dare ya yi. Shi ya sa zauren soro ke da sanyi da rana tsaka. Wanda ya shiga tsofaffin gidajen Birni a Damagaram ya san haka. Kakanninmu ba su yi lakkol ba, amma wannan lissafi sun ƙware da shi.

Ke nan, ɗakin laka yana da ƙa'idarsa. Da hantsi a rufe ƙofa da taga, a saki asabari, kada iskar waje mai zafi ta shiga. Bayan magariba a buɗe komai, bango ya fitar da zafin da ya sha. Da yawa daga cikinmu akasin haka mu ke yi. Mai sabon gini kuma ya bar ƙaramar taga can sama kusa da rufi, don iska mai zafi sama ta ke tashi.

Na sani, azara ta yi tsada, giginya ta ƙare, kuma yaɓe kowace shekara wahala ne. Ban ga laifin wanda ya sayi tol ba. Amma kada a bar shi tsirara. A yi masa sili da tabarma ko zana daga ciki, a bar tazara tsakani. Ko a shimfiɗa karan dawa a bisansa har bazara ta wuce, a sauke kafin ruwan farko don kada ya ruɓe ya ci kwanon. Farin fenti ma yana mayar da rana. Akwai kuma gini ba itace, na tubali zalla da rufi mai kumburi, wanda aka fara a Cikal ta ƙasar Filinge a 1980. Magininmu su nemi koyonsa.

Sai batun inuwa. Bangon yamma shi ya fi shan rana, daga azahar har la'asar sakaliya. A kafa masa rumfa ko a jingina zana. Wanda ya fi duka shi ne itace. Ranar 3 ga Agusta, da a ke dashen itatuwa tun 1975, kowane magidanci ya karɓi bedi ɗaya ya dasa yamma da ɗakinsa, taku biyar ko shida daga bango saboda saiwa. Ruwan alwala da na wanke-wanke ya ishe shi, in dai an kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Iyayenmu mata, randa ta zauna a inuwa inda iska ke bi, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. A riƙa ba tsoho ruwa tun bai roƙa ba, don sau da yawa ba ya jin ƙishirwa. Kada a kwantar da jariri a ɗakin tol tsakanin azahar da la'asar. In mutum ya ruɗe, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita a Takeita.

Mai tambaya, bismilla.