Kafin a Ɗinka Farar Riga

Lacca ga ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu, a Kano

 

An ce in yi magana a kan karatun jinya da sauran ayyukan asibiti. Zan fara da abin da muka sani amma ba mu cika faɗa a taro ba. Da yawa daga cikin masu neman gurbin karatun jinya ba shi suka fara nema ba. Yaro ya so zama likita, maki bai kai ba, sai kawunsa ya ce, "To ka yi nas mana, ai duk asibiti ne." Wata kuma labarin 'yar maƙwabta ta ji, wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya tana aiko da kuɗi. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abinci. Sai dai irin waɗannan dalilai ba sa riƙe mutum a tsaye ƙarfe uku na dare a kan gadon wanda bai haɗa komai da shi ba. Shi ya sa nake so ku fara sanin kamannin aikin, sannan a zo maganar makaranta.

Mu shiga ɗakin haihuwa na babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Mace ta sauka lafiya, dangi sun fara buga waya suna albishir. Ungozoma ba ta zauna ba. Ta ɗora hannu a marar mai jego, ta ji mahaifa ta saki maimakon ta yi tauri. Ta ɗaga zane, jini na tsiyaya a hankali, ba ya tsayawa. Ta kama wuyan hannu, bugun ya ƙara sauri. Likita ɗaya ne a garin, kuma yana ɗakin tiyata. Nan take za ta murza mahaifa, ta yi allurar da ke sa ta tsuke, ta nemo jijiya tun kafin ta ɓuya, ta sa ƙarin ruwa, ta sa robar fitsari domin cikakkiyar mafitsara kan hana mahaifa komawa, ta duba mabiyiya ko wani yanki ya maƙale a ciki, ta aika a kira likita, ta tura jini ɗakin gwaji. Duk wannan tana yi tana magana da matar don kada ta firgita, ga uwar miji a bakin ƙofa tana tambayar ko za a kawo kunun kanwa. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da aka yi da ka. Kowanne an karanta dalilinsa, an yi jarrabawa a kansa, an maimaita shi a gaban malama har hannu ya saba.

A 2023 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An shimfiɗa wa masu haihuwa wata leda mai ma'auni, don a daina kintatar yawan jinin da ya zuba da ido, sannan aka riƙa ba da matakan ceto gaba ɗaya maimakon a gwada wannan a jira, a gwada wancan. Mummunan zubar jini da abin da kan biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ku tambayi kanku, hannun wa ya shimfiɗa ledar, idon wa ya karanta ma'aunin? Na ungozoma ne.

Buƙatar kuwa ba ta misaltuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a hannun ƙwararru, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga ƙarshen doguwar naƙudar da ba ta sami mai cewa "a tafi asibiti yanzu" ba.

To, ta ina ake shiga? Ƙofar farko ita ce kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Wanda ke wasa da fiziks yana cewa ai ba injiniya zai zama ba, yau ya ji. Daga nan hanya biyu ce. Akwai digirin jami'a na shekara 5, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirin jinya a ƙasar nan, a 1965, yanzu kuwa ga shi a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Akwai kuma makarantun jinya da ungozoma da muka sani na shekara 3, waɗanda ake mayar da su kwalejoji masu ba da ƙarama da babbar difloma, ta hanyar JAMB. Idan aka tambaye ni wacce ta fi, sai in ce 'yan makarantar jinya kan riga sabawa da gadon mara lafiya, masu digiri kuma hawan matakan aiki da ci gaba da karatu kan fi zo musu da sauƙi. Mai difloma na iya zuwa ya ƙaro digiri daga baya, kuma da yawa sun yi. Kada a hana yarinya shiga ta ƙofar da aljihun ubanta zai iya buɗewa don ana jiran jami'a shekara uku a jere.

Iyaye, wannan gaɓar taku ce, don Allah a kasa kunne. Takardar makaranta ba ita ke sa mutum ya zama nas ba, lasisi ne. Mai ba da shi kuwa ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke bai wa kowane ɗalibi lambar rajista, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe. Na san dattijon da ya sayar da gona ya kai 'yarsa wata makaranta mai katon allo da fenti mai kyau. Ta sa fararen kaya, ta yi hoto, ana kiranta Sista a unguwa. Sai da aka zo jarrabawar ƙarshe aka gane babu sunan makarantar a wurin Majalisa. Wata makarantar kuma an amince da ita, amma ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka ba ta, ragowar suka zauna ba lamba. Kafin ku biya ko kwabo, ku nemi jerin makarantun da Majalisa ta amince da su, ku tambayi adadin da aka ba makarantar, ku nemo wanda ya gama can ku ga lasisinsa da idonku. Haka kuma wanda aka koya wa allura da ƙarin ruwa a asibitin kuɗi ko a kyamis, ko ya shekara ashirin yana yi, doka ba ta ɗauke shi nas ba.

Wanda ya shiga kuma ya sani, watanni shida na farko na tankaɗe ne. Akwai jarrabawa a ƙarshensu, wadda ke mayar da wasu gida. Bayan ta sai a tura ka ɗakin marasa lafiya: gyaran gado, wanke gyambo, juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye don kada bayansa ya saluɓe, ɗaukar fo, goge amai, awon zafi da hawan jini a rubuta a kan lokaci. Wanda ya raina waɗannan bai fahimci aikin ba, don a wurin juya mara lafiya da awon da ake ganin ba komai ba ne ake fara hango cewa jiki ya rikice.

Yanzu bari in juya ga ayyukan da ba a cika yi musu talla ba, alhali asibiti ba ya motsi sai da su. Jinin da ungozomar nan ta aika, wa zai gwada shi ya tabbatar ya dace da na mai bayarwa? Masanin ɗakin gwaje-gwaje ne, karatunsa shekara 5 a jami'a. Kuskurensa guda, na manna suna a kwalbar da ba ita ba, na iya kashe mutum cikin sa'a. Tun da Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, har ɗaurin aure ya koma yana jiran sa hannunsa, saboda sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ke da natsuwa da son bin diddigi, amma hayaniyar jama'a na gajiyar da shi, ga wurinsa. Akwai masu gashi, waɗanda ke koya wa mai shanyewar ɓarin jiki zama da tsayuwa da taku, wata da watanni; ku je asibitin ƙashi na Dala ku ga yadda suke fama da waɗanda babur ya karya. Wannan aikin mai gajen haƙuri ba ya iya shi. Akwai masu ɗaukar hoto, da masu haɗa magani, da masu kula da haƙori, da masu adana bayanan marasa lafiya a ɗakin kati, da duba-gari, wanda mu a Kano muna da tsohuwar makarantar horar da su tun zamanin Turawa, kuma ba a tunawa da su sai kwalara ta ɓarke.

Sai ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda a ƙauye ake kira malamin asibiti. Karatunsu shekara 2 ne ko 3 a kwalejin fasahar lafiya, hukumarsu daban, lasisinsu daban. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitoci, su ke awon ciki, su ke rigakafi, su ke gane yaro mai tamowa. Aiki ne mai daraja, amma ba shi ne aikin nas ba, kuma kada wani ya ce muku kuna gamawa za ku koma nas kai tsaye. Kowa ya san abin da ya saya.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, ko da abokan aikina za su ji haushi. Sunanmu ya ɓaci a bakin mata. "Ba zan je asibiti nas ta zage ni ba" na cikin dalilan da ke sa mace ta haihu a ɗaki. Na san gajiya, na san mutum ɗaya kan riƙe ɗaki guda cike har ƙasa, ga ƙarancin albashi, ga rashin safar hannu. Duk da haka tsawar da aka daka wa mai naƙuda ba a kanta take tsayawa ba, sai ta koma ƙauye ta hana mata goma zuwa. Wadda ta san ba ta iya haɗiye fushi ga wanda ciwo ya gigita, ta nemi wani fannin.

Ga iyaye da masu shirin zama mazaje kuma: mu ne ke cewa ba ma so namiji ya duba matanmu, mu ne kuma ke hana 'ya'yanmu mata aikin kwana. Biyun ba sa haɗuwa. Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah ya yarda da su, bayan yaƙin Khandaƙ. A zamaninmu, shirin Women for Health da ya fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara, ya ba su shekarar share fage don su cike kiredit, da sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki. Wasu da goyo suka yi karatun. A yi maganar aikin kwana da canjin wurin aiki tun kafin a kawo lefe. Samari kuma, kada wani ya ce muku aikin mata ne. Bayan rajista akwai fannonin ƙwarewa: tiyata, sa barci, haɗari da gaggawa, ido a Kaduna, ƙashi a Dala, taɓin hankali a Barnawa da Kware, kuma duk maza na ciki.

Batun fita waje. A 2024 magatakardan Majalisa ya ce fiye da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ba zan zagi wanda ya tafi ba, don na san abin da ya kore shi. Amma ku sani Ingila sai ka ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin hannu, kuma kowace ƙasa sai ta tuntuɓi Majalisa ta tabbatar da lasisinka. Dillalan biza sun cinye kuɗin mutane da yawa. Wanda ya shiga karatun da tunanin jirgi kaɗai, zai wahala ya jure shekarun da ke gabansa kafin jirgin.

Haɗari ma akwai shi, ba zan ɓoye muku ba. Justina Ejelonu ta rasu a Legas a 2014 bayan ta yi jinyar mutumin da ya shigo da Ebola. Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomi ne da aka sace a Rann ta Jihar Borno a 2018, aka kashe su a shekarar. Allah ya jiƙan bayinsa. Na yau da kullum kuwa shi ne allurar da aka yi wa wani ta soke ka, don haka kowane ɗalibi ya yi rigakafin ciwon hanta kafin ya fara shiga ɗakin marasa lafiya.

Abin da nake roƙon kowannenku a hutun nan shi ne, idan ɗan uwa ya kwanta a asibiti, ku karɓi zaman jinya, har da kwana. Ku lura da wanda ya fi zuwa bakin gadon. Ku bi kwalbar jini zuwa ɗakin gwaji, ku raka mara lafiya ɗakin hoto, ku leƙa wurin masu gashi. Ku gaida ma'aikacin da kuka ga ya ɗan sarara, ku tambaye shi inda ya yi karatu da abin da ya fi ba shi wahala. Gani ya kori ji. Waɗanda kuma suka riga suka sayi takardar neman shiga wata makaranta, su same ni bayan an tashi, mu duba sunanta tare.  Ina sauraron tambayoyi.