Ɗalibi Mai Manhaja a Ƙofar Ajinmu



A shekarar 2005, wani ɗalibin sakandare a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Andrew Sutherland, yana ɗan shekara 15, aka ba shi sunayen dabbobi 111 da Faransanci ya haddace. Da haddar ta yi masa nauyi, sai ya rubuta wata 'yar manhaja wadda za ta riƙa yi masa tambaya, tana maimaita masa kalmomin da ya kasa. Abokansa suka ara, kuma a 2007 ya buɗe ta ga kowa da sunan Quizlet. Mu lura, daga aikin da aka bayar a aji manhajar ta samo asali.

Ba kullum mu malamai muke yi wa irin wannan yaro maraba ba. Louis Braille ma yana da shekara 15 lokacin da ya tsara rubutun makafi mai ɗigo shida a 1824, yana ɗalibi a makarantar makafi ta birnin Faris. Makarantar ba ta amince da rubutun a hukumance ba sai a 1854, bayan rasuwarsa da shekara biyu. Shekara talatin ke nan yara suna jiran manya su sauko.

Yau ga ɗaliban jami'o'inmu suna ƙwanƙwasa mana ƙofa, kowa da manhajar koyar da karatu a wayarsa. Wasunmu na fargabar za a maye gurbin malami da na'ura, kuma fargabar ba ta banza ba ce, domin mun san hukumar da ke jinkirta albashi ba za ta ƙi abin da zai rage mata ɗaukar ma'aikata ba. Sai dai korar yaran ba za ta koya wa ko ɗalibi ɗaya karatu ba, alhali muna ganin 'yan aji huɗu da ba sa iya haɗa baƙi da wasali.

Akwai abin da muka sani wanda mai manhajar bai sani ba. Mun san yaro na rikita ɓ da b, da ƙ da k. Mun san rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, har "gari" na zama da "gari" na tuwo su fito iri ɗaya a takarda, sai murya ta raba su. Mun kuma san ajin da babu lantarki, balle intanet.

Don haka muna ba reshe shawarar ya buɗe azuzuwa kaɗan domin gwaji na zango guda, da izinin shugaban makaranta da iyaye. Kada a kwashi sunayen yara ko hotunansu, kuma kada malami ya sayi data daga aljihunsa. A auna karatun yaran a farkon zango da ƙarshensa, malamin ajin kuma shi zai rubuta rahoton, a karanta mana shi a taronmu na gaba.