Neman Izini Don Zuwa Intabiyu: Jawabi Ga Matasanmu Ma'aikata

 

An ce in yi magana a kan wani abu da yake kamar ƙarami, amma ya sha raba mutum da abincinsa. Wato kana aiki a wani wuri, sai ga kira daga wani wurin, ana neman ka intabiyu ranar Talata. Yaya za ka yi da maigidanka?

Kakanninmu da yawa haƙar kuza ce ta kawo su Jos. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, sai aikin ya ja baya. A Fabrairun 2002 kuma babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Saboda haka neman aikin da ya fi na hannu ba laifi ba ne, ko a Jos ne, ko Abuja, ko Kaduna. Laifin yana wurin yadda ake fita neman.

Akwai wani yaro da na sani a Gangare. Da aka kira shi intabiyu Abuja, sai ya ce wa ogansa kakarsa ta rasu. Abokan aikinsa, mutanen kirki, suka haɗa kuɗi, suka zo gida ta'aziyya. Wa suka tarar a tsakar gida tana tsintar wake? Tsohuwar! Can bai samu ba, nan kuma aka sallame shi. An yi sakin na hannu, kamun na guje. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

To, me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta ware wani hutu don zuwa intabiyu ba. Amma ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki, da albashinsa. Ta kuma ba da har kwana 12 a shekara na rashin lafiya, in akwai shaidar likita. Wannan na marar lafiya ne, jama'a, ba na mai neman aiki ba. Manyan ma'aikata kuwa, sai su duba takardarsu ta ɗaukar aiki.

Ga shawarata. Na farko, ka riƙa ajiye kwana ɗaya ko biyu daga hutunka na shekara saboda irin wannan rana. Na biyu, ranar da kira ya zo, ranar za ka nemi izini, kuma a rubuce. Kada ka bari sai daren Litinin. Na uku, ba dole ne ka zayyana komai ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina da uzuri na kaina ranar Talata, ina roƙon a cire daga hutuna." Wannan gaskiya ce, ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma tona cikinka ba. In ya tambaye ka kai tsaye, faɗa masa. Na huɗu, ka nemi wanda zai riƙe maka aikinka kafin ka shiga ofishin maigida. In an hana ka, roƙi masu intabiyun su sauya maka rana.

Idan Allah ya sa ka dace, kada ka ɓace kamar an sace ka. Doka ta ce a ba da notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya in bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa 5, wata ɗaya daga shekara 5 zuwa sama. Ka tuna sabon wurin yakan tambayi tsohon wurin halinka.

Ku kuma iyayenmu masu shaguna da motoci, in yaronku ya faɗa muku gaskiya, kada ku hukunta shi a kanta. In kun yi haka, ku kuka koya wa na bayansa ƙarya. Ku sa masa albarka, arzikinsa naku ne.

Allah ya ba mu abin yi na halal. Wassalamu alaikum.