Mu Duba Kwalba Kafin Mu Ba Yaro Magani

(Jawabin da wasu iyaye suka gabatar a taron zumunta)

Mu iyaye ne kamar ku, kuma mun zo ne da labarin abin da ya same mu a gida, domin kada ya sami wani.

Da damina ɗiyarmu mai shekara ɗaya ta yi zazzaɓi. A asibiti aka auna ta, nauyinta kilo 10, likita ya rubuta mata farasitamol na ruwa, mil 5 sau uku a rana. Maganin ya ƙare a asibitin, sai muka nufi wani kemis. Mai shagon ba ya nan, yaronsa muka tarar. Ya miƙo mana 'yar ƙaramar kwalba, ya ja layi uku a jikin kwalin, ya ce cokali ɗaya safe, rana da dare. Muka biya, muka yi godiya, muka tafi.

Mun ba ta na safe, mun ba ta na rana. Da yamma kakarta ta ɗaga kwalbar ta ce, "Wannan wane irin magani ne da zai ƙare a wuni guda?" Maganar ta tsaya mana a rai, sai muka koma asibiti da yarinyar da kwalbar. A nan nas ta bayyana mana cewa farasitamol na yara iri-iri ne. Wanda likita ya rubuta yana da miligiram 120 a cikin mil 5. Wanda aka ba mu kuwa na ɗigawa ne, mai miligiram 100 a cikin mil 1 kacal. Ashe kowane cokali da muka ba ta miligiram 500 ne, daidai da ƙwaya guda ta babban mutum. An riƙe ta an duba ta, ta kuwa tsira. Amma an gaya mana farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma yaro yana iya wuni yana wasa, sai bayan kwana biyu ko uku illar ta bayyana.

Mun koma mun faɗa wa mai shagon ba tare da faɗa ba. Mu ma muna da namu laifi, gama mun ji kunyar tambaya. Ga abin da muka koya.

Na ɗaya, sunan magani bai isa ba, a duba ƙarfinsa. Amoksisilin na ruwa ma akwai mai miligiram 125 da mai 250 a cikin mil 5. A sa mai kemis ya gwada takardar likita da rubutun kwalba a gabanmu.

Na biyu, a bar aunawa da cokalin gida, domin cokula ba girmansu ɗaya ba. A yi amfani da ɗan kofin da ke zuwa da maganin, ko sirinji marar allura, a kuma roƙa a nuna mana layin da za a tsaya.

Na uku, maganin da ke zuwa da gari a cikin kwalba, a dama shi da ruwan da aka tafasa ya huce, zuwa daidai layin da aka yi. A girgiza kafin a bayar, a kuma zubar da ragowar idan kwanakin da aka rubuta sun cika.

Na huɗu, da nauyi ake auna wa yaro magani. Kada a ba ƙane abin da aka rubuta wa wansa. Wasu magungunan mura kuma suna da farasitamol a ciki, saboda haka kada a haɗa biyu sai an tambaya.

Na biyar, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙori na My Pikin ya gurɓata da guba, zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya.

Idan kuskure ya riga ya faru, kada a ɗura wa yaro manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. A kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar, ko da ya yi kamar lafiyarsa lau, gama akwai makarin farasitamol, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Dattawa, muna da roƙo. Yawancinmu a ƙauye muke, asibiti da nisa, kemis ne kusa, kuma iyaye da yawa ba su iya karanta rubutun kwalba ba. A kowace ikilisiya a nemi ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta wanda uwa za ta iya kai wa kwalba ya duba mata. Zumuntar mata kuma su riƙa tuna wa juna wannan. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar wata tsohuwa ce ta ceci ɗiyarmu.

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.