Bindiga a Hannun Talaka: Haƙƙin Mutum ko Ikon Hukuma?



A Amurka akwai masu ra'ayin cewa duk dokar da ta hana mutum riƙe bindiga zalunci ce. Madogararsu ita ce gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin ƙasarsu a 1791, da kuma cewa kare rai haƙƙi ne da ya girmi kowace hukuma. Doka, in ji su, mai biyayya kaɗai take kwance wa ɗamara, domin ɗan fashi bai taɓa zuwa neman lasin ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Basakkwace. Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Birasal a 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin yawancin ƙasashen Afirka. Ran 15 ga Maris 1903, da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta ja daga a Giginya, galibi da kibau da masu da takubba ta fuskanci bindiga mai ruwa. Watau a nan, hana makami da cin ƙasa tare suka zo. Dokar Makamai ta 1959, wadda aka gada daga zamanin Turawa, ta raba bindigogi aji-aji: lasin manya ya koma hannun Shugaban Ƙasa, na masu bi musu kuwa hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda.

To, sai ga 'yan bindigar daji sun addabi Isa da Sabon Birni, har suka afka wa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Manomin da aka sace wa mata da shanu, alhali kuwa caji ofis na nesa, da wuya a gamsar da shi cewa doka don amfaninsa aka yi ta. A Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya fito fili ya ce jama'a su nemi bindiga. Janar Lucky Irabor, Hafsan Hafsoshin Tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Amma fa hujjar Amurkawan tana da rauni guda, kuma babba ne. Mutum ɗaya take hange, tsaye a ƙofar gidansa. A karkarar Sakkwato kuwa bindiga ba ta zama a hannu ɗaya. Ƙungiya take shiga, ƙungiyar da ke da tsohuwar ƙullalliya kan gona da burtali. 'Yan sa-kai sun tashi da sunan kare kai, sai wasunsu suka koma kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta su a 2021. Da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da askarawan tsaron al'umma a 2024, sai da aka yi musu doka, aka tantance su, aka ba su horo da kaki, kafin a tura su ƙauyuka.