Jawabin Shugaban Kwamiti a Bikin Ƙaddamar da Gasar Tsofaffin 'Yan Ƙwallo, Rijiyar Zaki

 

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, mai girma wakilin shugaban Ƙaramar Hukumar Ungogo, Dagaci da masu unguwanni iyayen ƙasa, Allah gafarta Malam limaminmu da sauran malamai, jami'an tsaro, likita da ma'aikatansa, shugabannin ƙungiyoyi, alƙalan wasa, 'yan jarida, dattawa da samari, har da yaran da suka ɗare kan katanga: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan haka, duk wanda ya dubi waɗannan mutane da suka yi sahu a gabanmu cikin rigunan wasa, ya ga furfura a haɓarsu, ya ga wasu da ɗaurin gwiwa, ya kuma san cewa a cikinsu akwai direba da tela, akwai malamin makaranta da manomi da mai shago a bakin tasha, lalle zai so ya san daga ina suka fito. Sun fito ne daga wani gida mai asali, domin ƙwallo a ƙasar Kano ba baƙuwar jiya ba ce. Tun a 1953 'yan wasan Kano suka doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, suka ɗauko Kofin Gwamna, wanda daga baya aka san shi da Kofin Ƙalubale, alhali kuwa tun kafa gasar a 1945 kofin bai taɓa barin hannun ƙungiyoyin Ikko ba. A 1978 Raccah Rovers ta zama zakarar Nijeriya, kuma a shekarar nan ne Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ta Birazil ya kara da ita a Kaduna. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka haifi Kano Pillars, wadda ta cinye gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019.

Samarin da ke can baya, ku ɗan ajiye wayoyin nan, da ku nake. Kun haddace sunayen 'yan wasan Ingila har da na benci, amma da zan tsayar da ɗayanku in ce ya ambaci mutum guda daga cikin 'yan Raccah, sai ya hau susar ƙeya. Wannan abin kunya ne, kuma laifin ba naku ba ne ku kaɗai.

Galibin dattawan nan ba su taka filin Sabon Gari ko na Ƙofar Mata da sunan wata babbar ƙungiya ba, amma su ne suka cika waɗannan filaye suna kirarin Sai Masu Gida, kuma su ne suka riƙe ƙwallon unguwa shekara da shekaru. Da girma ya zo, iyali ya yi yawa, gudu ya ragu, sai kowa ya janye jikinsa, har ya zamana abokan da suka tashi tare ba sa gamuwa sai a wurin jana'iza. Daga nan ne wasu suka fara fitowa ran Lahadi bayan sallar asuba suna 'yar tamaula don motsa jini. Aka ji labari a Rimin Gata da Janbulo, aka aiko goron gayyata, aka yi wasan sada zumunta. Sannu a hankali Kabuga da Tudun Yola da Ɗorayi suka shigo, Bachirawa da Panisau suka ce ba za a bar su a baya ba. Abin da muke ƙaddamarwa yau, wato gasa mai jadawali da doka da kofi, shi ne cikar wannan tafiya. A cikinta an yi karo-karo an biya wa marasa lafiya kuɗin magani, an tallafa wa marayun waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, an sasanta mutanen da suka daɗe ba sa ga maciji da juna, an sayi raga da ƙwallaye ba tare da an roƙi kowa ba.

Doka biyu kwamiti ba zai sassauta ba. Na farko, wanda bai cika shekara 40 ba, ya jira lokacinsa. Duk ƙungiyar da ta sako mana saurayi ya yi sojan gona, za a kwashe makinta, domin ba mu manta ba cewa a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa saboda rikicin shekarun haihuwa. Na biyu, ba mai shiga fili sai likita ya auna jininsa. Ɗan ƙwallon nan Samuel Okwaraji yana da shekara 25 ya yanke jiki ya faɗi a filin Ikko ran 12 ga Agusta 1989, balle mu da hawan jini da ciwon suga suka zama maƙwabtanmu. Ajali na Allah ne, amma jiki amana ne.

Yanzu sai maganar da ta hana ni barci, ina kuwa roƙon iyayen ƙasa su ba ni aron kunnuwansu. Ranka ya daɗe, ba mu da fili. Wannan da muke tsaye a kai na aro ne, kuma mai shi ya yi mana karamcin da ba za mu iya biyansa ba, amma ran da bukatarsa ta taso, ba mu da bakin magana. Dattawan da ke nan shaida ne, a zamanin ƙuruciyarmu, da zarar an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, an kwashe kara, duk saurar da ke tsakanin nan da Rimin Gata filin wasa ce, a kafa duwatsu biyu a dunƙule tsumma, sai kiran magariba ya raba. Tun da Jami'ar Bayero ta kafa sabon matsuguninta a hanyar Gwarzo, birni ya miƙo ƙafa, gona ta zama fuloti, magada suka raba, dillalai suka shigo da awon igiya, aka yanka ƙasa gunduwa-gunduwa ba a bar wa makaranta ba, ba a bar wa maƙabarta ba, balle wurin da yaro zai yi gudu. An tashe mu daga fili zuwa fili. Mu share ƙaya, mu cike rami, mu kafa turakun raga, mu wayi gari mu tarar an jibge bulo da yashi a tsakiyar da'ira. Ban zargi wanda ya sayar da gadonsa ba, halaliyarsa ce, shari'a ta ba shi. Amma unguwar da ta tara dubban yara, ta rasa inda za su zubar da ƙarfin ƙuruciya bayan an tashi daga Islamiyya, kada ta yi mamaki in ta same su a kango suna shan abin da zai gusar musu da hankali, ko suna riƙe da makami maimakon ƙwallo. Mu namu ya kusa ƙarewa, ba don gwiwoyinmu nake wannan naci ba.

Saboda haka ina kira ga mawadatan Rijiyar Zaki, waɗanda Allah Ya hore wa ƙasa, da a samu mutum guda, ko jama'a su haɗu, a yanki fili a yi waƙafinsa, a rubuta a gaban alƙali da shaidu, a kai takarda hukuma ta sa hannu, yadda ba magajin da zai tashi gobe ya ce na ubansa ne. Malamanmu suna nan, su ne za su yi mana bayanin yadda Sayyidina Umar ya yi waƙafin gonarsa ta Haibara, da yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'ar Madina. Su ne kuma za su faɗa mana ko abin da ya tsare lafiyar tsoho da tarbiyyar yaro yana cikin maslahar al'umma. Ni a nawa ɗan sanin, yana ciki. Mai girma wakilin shugaban ƙaramar hukuma, ga takardar kokenmu a hannun magatakarda, ba za ka tashi ba sai da ita, kuma za mu biyo sawu.

Muna godiya ga alƙalan wasa da suka yafe ladansu, da matan da suka dafa abincin baƙi. Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da muka fara wannan abu tare ba su ga yau ba, Ya sa a tashi wasa lafiya.

Da izinin iyayen ƙasa, da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan gasa. Za a tsaya a yi sallar la'asar cikin jam'i kafin a take ƙwallo. Wanda bai je teburin likita ba ya je yanzu, shugabannin ƙungiyoyin farko kuma su kawo katunan shaidar 'yan wasansu. Wassalamu alaikum.