Gishiri da maganin hawan jini



Sau da yawa mace mai hawan jini takan sha maganinta kullum ba fashi, amma in an auna ta a CSI sai a tarar awon bai sauka ba. Daga nan sai ta yanke cewa maganin ba shi da kyau, ta daina sha. Kafin a kai ga haka, ya kamata a leƙa tukunyar miya.

A farkon shekarun 1960, wani likita a Amurka mai suna Lewis Dahl ya yi kiwon ɓeraye iri biyu: waɗansu jininsu kan hau sosai in an yawaita musu gishiri, waɗansu kuwa ba ya damunsu. Binciken da ya biyo baya, a kan ɓeraye da mutane, ya nuna cewa gishiri na riƙe ruwa a jiki, ya cika jijiyoyi, ya rage ƙarfin magunguna irin su captopril da enalapril. Maganin da ke sa fitsari ma haka: yana fitar da gishiri, cokali yana mayarwa. Amlodipine bai cika raunana ba, amma zaɓen magani aikin likita ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Lissafin ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da yajin tsire, da kilishi, da kanwa. Kanwa ce aka fi mantawa da ita. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciya ga masu jego.

A rage a hankali, harshe zai saba cikin ƴan makonni. Tafarnuwa, citta, albasa da ɗan daddawa za su cike gurbi. Kaɗan ɗin da za a sa ya zama mai ayodin.

Masu faɗakarwa, ku kula: mai shan captopril da ta yi ciki, ko zawo da amai suka kama ta, ku raka ta asibiti ranar. Yaro mai zawo kuwa, kada a hana shi ruwan SRO don tsoron gishiri.